Babi na Biyar: Abin da Mawaƙi Ya Faɗa da Abin da Ya Bari Mu Gane

An ruwaito a littattafan adabin Larabci cewa a zamanin halifancin Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, wani daga cikin shugabannin Banu Tamim, wanda ake kira Zibriƙanu ɗan Badar, ya zo Madina yana ƙarar wani mawaƙi mai kaifin harshe da ake yi wa laƙabi da Huɗai'a, yana cewa ya yi masa zambo. Halifa ya ce a karanta masa baitin, aka karanta, sai ga shi babu ashar a ciki, babu ambaton wani aibi na jiki ko na asali, iyakacin abin da lafazin ya ƙunsa shi ne shawara ga mutumin da ya huta da wahalar fita neman ɗaukaka, tun da yake ci da sutura ba su gagare shi ba. Umar ya ce shi kam bai ji zambo a nan ba, sai dai ɗan zargi irin wanda ba a rasawa tsakanin mutane. Mai ƙara ya ce, ashe duk mutuncinsa bai wuce ya ci ya ƙoshi ya sa riga ba? Sai halifa ya aika aka kirawo Hassanu ɗan Sabitu, mawaƙin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi, Hassanu kuwa ya amsa da wata kalma wadda nauyinta ya hana mu kawo ta nan, amma manufarta ita ce abin ya zarce zambo ya kai ga tozartawa. A kan wannan shaida aka tsare Huɗai'a, bai kuwa fita ba sai da ya yi wata waƙa yana ambaton ƙananan 'ya'yansa da ya bari ba mai ciyar da su, har zuciyar halifa ta karaya.

Masu sharhi sun ce Umar bai jahilci abin da baitin ya ƙunsa ba, domin kuwa yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin waƙa a zamaninsa, amma da yake a ranar yana zaune ne a matsayin alƙali, bai yarda ya ɗaure mutum a kan abin da ya ji a ransa kawai ba, sai da ya nemi shaidar masanin sana'ar. Wannan hali shi ne abin da muke son mai karatu ya koya a babin nan, watau ya riƙa rarrabe abin da mawaƙi ya furta da bakinsa, wanda kowa zai iya ɗora yatsa a kansa, da abin da ya lulluɓe ya bar wa mai sauraro ya tono, sa'an nan kuma ya san cewa na biyun ba ya tabbata sai da hujja.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan rarrabewa, ko da yake ba a darasin waƙa suka fi yin maganarta ba. A ilmin usulul fiƙhi akwai abin da suke kira manɗuƙi, watau hukuncin da lafazi ya furta, da kuma mafhumi, watau hukuncin da ake fahimta daga lafazin alhali bai ambace shi ba. Misalin da kowane ɗalibi ya haddace shi ne ayar Suratul Isra'i wadda ta hana ɗa ya furta wa mahaifansa ko da mafi ƙanƙantar kalmar ƙosawa, daga nan aka fahimci cewa zagi da duka sun fi cancantar haramci, ba tare da ayar ta ambace su ba. Shari'a ma ta ba habaici, wanda suke kira ta'aridi, hukunci nasa na kansa. Ta halatta wa namiji ya yi wa macen da ke takaba hannunka mai sanda game da aure, ta hana shi ya fito fili ya nema sai idda ta cika; a wani wurin kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi wa wani ƙazafi a kaikaice, har aka gane nufinsa, ana tsayar masa da haddi kamar wanda ya faɗa ƙarara. To, in har alƙali yana iya yanke hukunci a kan ma'anar da ba a furta ba, lalle ba daidai ba ne a ce ma'anar ɓoye a cikin waƙa zato ce kurum, kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Wanda ya fi kowa warware wannan al'amari shi ne Shehu Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu wajen shekara ta 471 bayan Hijira, a littafinsa Dala'ilul I'ijaz. Ya ce magana iri biyu ce: akwai wadda kake isa ga nufin mai ita da zarar ka san ma'anar kalmominta, akwai kuma wadda kalmomin za su kai ka ga wata ma'ana tukuna, sa'an nan ita wannan ma'anar ta miƙa ka ga wata, wannan ta biyun ita ya kira ma'anar ma'ana. Larabawa in suna son su ce mutum mai karamci ne sukan ce tokar gidansa tana da yawa, kuma duk wanda ya karanta Jauharul Maknun na Al'ahdari ko Uƙudul Juman na Suyuɗi ya san matakalar da ake hawa a nan: yawan toka yana nuna yawan ƙona itace, yawan ƙona itace yana nuna yawan girki, yawan girki yana nuna yawan baƙi, mai yawan baƙi kuwa shi ne mai karamci. Abin lura a nan shi ne, ba a tsallake matakin farko. Wanda bai san mene ne toka ba, ko ya ji kalmar ya ɗauka wata aba ce daban, ba shi da hanyar isa ga karamci ko da ya kwana yana tunani.

Bari mu juya wannan misali mu ƙagi baiti namu na kanmu, domin mu ga yadda abin yake aiki da Hausa. A ce wani maroƙi ya tsaya ƙofar gidan wani attajiri ranar suna, ya ɗaga murya ya ce:

Gidan Wane tsaf, ba ka ganin toka,
Tukunyarsa fes, ba ta san hayaƙi ba.

In aka tambayi mai karatu abin da baitin nan ya faɗa a bayyane, amsa ba ta da wuya: gida mai tsabta, tukunya mai haske. Babu kalmar rowa a ciki, kuma da za a kai maroƙin gaban mai unguwa, zai iya dafa ƙirji ya ce, “Ranka ya daɗe, ni fa tsabtarsa na yaba.” Amma duk matar da ta taɓa ɗora tukunya a murhu ta san cewa gindin tukunya ba ya zama fes sai in ba a girki da ita, duk kuma wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa ba a yabon namiji mai gida da hasken tukunya, da dawaki ake yabonsa da yawan masu cin tuwo a zaurensa. Wannan saɓani tsakanin abin da aka saba yabo da shi da abin da maroƙin ya zaɓa, shi ne abin da malaman balaga suke kira ƙarina, mu kuwa muna cewa da walakin goro a miya. Da zarar ka ga goron nan, ka sami izinin wuce lafazi, kuma inda lafazin zai kai ka bai wuce wuri guda ba: mutumin marowaci ne, ba a ci a gidansa.

Sai dai akwai wani mai karatu, kuma irinsa suna da yawa cikin masu ilmi fiye da cikin jahilai, wanda ba zai tsaya nan ba. Zai ce ai tukunya mace ce, hayaƙi kuwa haihuwa, saboda haka maroƙin yana yi wa matar gidan gorin rashin ɗa. Ko kuwa ya ce tukunya zuciya ce, hayaƙi zunubi, saboda haka baitin yabon waliyyi ne. Kowace daga cikin fassarorin nan tana da daɗin ji, ta biyun ma har tana iya sa a yi kabbara a majalisi, amma in ka ce masa ya nuna maka matakalar da ya hau daga hayaƙi zuwa haihuwa, sai ka tarar babu ko ɗaya, tsalle ya yi. Ma'anar rowa ta fito ne daga cikin tukunyar kanta, bisa ga abin da kowa ya sani game da girki. Waɗancan kuwa daga cikin kan mai fassarar suka fito, ya ɗauko su ya jibga wa baitin. A ganina wannan kuskure ya fi na wanda ya tsaya ga tsabtar gida muni, domin shi wancan bai kai ba ne, ana iya kama hannunsa a ƙarasa da shi, wannan kuwa ya ƙaga wa mawaƙi maganar da bai yi ba, yana kuma ganin kansa gwani.

Ni kaina na taɓa faɗawa cikin wannan rami. Ina saurayi, muna karatun dare a zauren wani malaminmu, Allah ya jiƙansa, muka zo kan ƙasidar Ka'abu ɗan Zuhairu wadda aka sani da Banat Su'adu, wadda ya rera gaban Annabi yana neman afuwa bayan buɗe Makka, har aka yafa masa mayafi. Al'adar karatun kuwa sananniya ce: ɗalibi ya ja kalma ko biyu da Larabci, malam ya mayar da Hausa, a haka har a kai ƙarshen baiti, sa'an nan in akwai ƙarin bayani ya biyo baya. Ni kuwa a lokacin na ɗan leƙa wasu littattafan sufaye, kaina ya yi zafi, sai tun ba a gama baitin farko ba na ce, “Allah ya gafarta Malam, ai matar nan da ake cewa ta tafi, duniya ce ake nufi.” Malam yana zaune kan buzu yana feƙe alƙalami da 'yar aska, fitilar aci-balbal tana gefensa, bai ko ɗago kai ba. Sai da ya gwada bakin alƙalamin a kan farcen babban yatsansa, ya ga ya yi, sa'an nan ya ce, “Wa ya gaya maka?” Na ce ai haka na fahimta. Ya ce, “To, ajiye fahimtarka nan kusa da takalmanka, in mun gama da matar da raƙumar da ke biye da ita, ka ga wani abu a cikin ƙasidar da ya hana ta zama mace, sai ka koma ka ɗauko.” Muka yi mako biyu muna bin ƙasidar kalma kalma, ban ga abin ba. Abin da na gani shi ne, buɗe ƙasida da ambaton rabuwa da masoyiya al'ada ce ta mawaƙan Larabawa tun kafin Musulunci, wadda Ibnu Ƙutaiba ya bayyana a littafinsa na waƙa da mawaƙa, kuma ma'anar ɓoyen da ke cikin ƙasidar ta fi tawa kusa, ta kuma fi ta ƙarfi: mutumin da aka halatta jininsa, abokansa suka gudu suka bar shi, in ya fara da kukan wadda ta saɓa masa alkawari, yana share fage ne domin ya zo ga wanda ba ya saɓa alkawari.

Kada wani ya ɗauka cewa muna musun waƙoƙin da mace ko giya ko tafiya suke tsayawa a madadin wani abu mafi girma. Suna nan da yawa. Ibnul Farid na Masar, wanda ya rasu a 632 bayan Hijira, yana da ƙasida sukutum a kan giya, babu kuwa malamin da ya ɗauke ta a kan abin da ake sha a mashaya, domin a cikin ƙasidar kanta an siffanta abin shan da siffofin da ruwan inabi ba ya iya ɗauka. Ibnu Arabi kuma, da ya yi diwaninsa Tarjumanul Ashwaƙ, wasu malamai a Halab suka zarge shi da waƙar soyayya tsagwaronta, sai ya zauna ya rubuta wa diwanin sharhi da hannunsa yana bayyana abin da kowace alama take nufi. A na farko ƙarina tana cikin waƙar, a na biyu mai waƙar ne ya kawo ta daga waje. A duka biyun dai akwai abin da za a nuna wa mai musu.

In muka dawo gida, waƙar fada ita ce makarantar da ta fi kowace koyar da wannan fanni, kuma a nan ne mai karatu zai ga cewa ba duk abin da aka faɗa da aron kalma ne yake ɓoyayye ba. Makaɗi in ya kira sarki giwa, ko zaki, ko bijimi, ko hadarin da ya taso daga gabas, babu wanda ke tsayawa ya yi tunani, domin kalmomin nan sun sha hannu har sun zama tamkar sunan sarkin. Majazi ne a wurin malamin balaga, amma a kunnen talaka magana ce a fili. Wurin da ake kasa kunne shi ne inda makaɗin ya bar ubangidansa ya juya ga wani wanda bai ambaci sunansa ba, ya ce akwai wani mai dogon wuya, ko wani da ya sayi rawani tun ba a kira shi ba, ko wani da ke yawon gidajen bokaye da dare. Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo duk sun yi fice a wannan, kuma kowa a fadar ya san cewa 'yan sarki masu jiran gado ake nufi, har ma ya san wanne daga cikinsu, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda yake yi dominsa, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Amma ka lura da bambancin wannan da baitin tukunya. A can, hujjar tana cikin kalmomin, duk Bahaushe zai iya tono ta ko bayan shekara ɗari. A nan kuwa rabin hujjar yana cikin waƙar, rabin yana cikin fadar: wa ya nemi sarautar ya rasa, wa ya ƙi zuwa gaisuwa, wa ke da dogon wuya. Mu da muke jin waƙar a rediyo bayan duk mutanen sun ƙaura, abin da za mu iya tabbatarwa shi ne akwai wanda ake yi wa habaici, kuma laifinsa kwaɗayin sarauta ne. In muka wuce nan muka kama suna alhali ba mu da ruwaya daga wanda ya halarta, mun shiga haƙƙin matattu.

Dalilin da ke sa mawaƙi ya lulluɓe magana shi ma yana taimakon mai karatu, domin in ka san abin da mutum yake tsoro ko yake jin kunya, ka san inda zai yi rufi. Amarya da ke waƙar daka tana gugar zana ga kishiya ko uwar miji, kunya ce da zaman gida suka hana ta faɗa a fili. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda Turawa suka naɗa a 1903, daga baya suka sauke shi suka kai shi Lokoja inda ya rasu, ya yi waƙoƙinsa ne a ƙarƙashin idon Razdan, saboda haka ba abin mamaki ba ne da masu nazari suka daɗe suna kai da komowa a kan abin da yake nufi a waƙarsa ta Tabarƙoƙo. Malam Sa'adu Zungur kuma, wanda ya rasu a 1958, ba matsoraci ba ne ko kaɗan, amma waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta zama abin jayayya har yau. A bayyane ya zaɓi mulukiya, wanda ya tsaya nan zai ce malamin ya zama ɗan fada. Alhali kuwa wanda ya bi waƙar har ƙarshe, ya ga sharuɗɗan gyara da aka gindaya wa sarakuna, ya kuma tuna cewa masu sauraronta na farko sun ji labarin yadda sarakunan Indiya suka rasa mulkinsu bayan 1947, zai gane cewa goyon bayan yana tafe da gargaɗi mai tsanani. Duka biyun suna cikin waƙar, kuma ba daidai ba ne a ɗauki ɗaya a jefar da ɗaya domin a ja malamin zuwa jam'iyyar da ake so.

A makarantun boko, in an zo jarrabawar adabi, akan tambayi yara jigon waƙa, sai ka ga yaro ya rubuta “wa'azi” ko “faɗakarwa” ya ajiye alƙalami, malami kuma ya ba shi maki, ba wanda ya tambaye shi a wane baiti ya ga haka. Da ni ne mai tsara tambayar, da na raba ta biyu: na farko yaro ya mayar da baitin zube da kalmominsa, kada ya ƙara ko wasali, na biyu ya faɗi abin da ya hango a bayansa, ya kuma ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta ba shi wannan haske. In kalmar ba ta cikin baitin, ya faɗi al'adar ko tarihin da ya dogara a kai, ya kuma yarda cewa ƙarfin fassararsa daidai yake da ƙarfin wannan madogara. Akwai abin da zai ce “mawaƙi ya ce,” akwai wanda zai ce “mawaƙi yana nufin,” akwai kuma wanda iyakarsa ya ce “mai yiwuwa ne,” kuma yaron da ya iya zaɓen wadda ta dace cikin ukun nan ya fi wanda ya haddace sunayen adon harshe ashirin.

Abin da ya fi damuna shi ne wancan rabin hujjar da muka ce yana cikin fada. Kalmomin waƙoƙin an tsare su, suna cikin kaset da littattafai da wayoyin hannu, amma sanin ranar da aka yi waƙa, da abin da ya faru a garin a makon, da wanda ya sunkuyar da kai da aka zo wani ɗa na waƙar, wannan yana cikin ƙirjin tsofaffin 'yan amshi da fadawa da zabiyoyi ne kaɗai, kullum kuwa ana binne su. Saboda haka ina roƙon duk mai karatun da Allah ya sa akwai irin dattijon nan a unguwarsu, ya sayi goro ya je ya gaishe shi, ya kunna masa waƙar, ya tambaye shi ɗa bayan ɗa, ya rubuta abin da ya faɗa tare da sunansa da garin da ranar, ya kuma rarrabe abin da tsohon ya gani da idonsa da abin da ya ji a bakin wasu.